Maganin Madara

A shekarar da bansilin ya ɓace daga garin Gadarif na ƙasar Sudan, mutum ɗaya ce tak ta ji daɗin ɓacewarsa, wato Ummuhani mai kindirmo, ita ma daɗin bai kai ta ko'ina ba.

Bansilin dai farin gari ne a 'yar kwalba mai murfin roba, wanda ake damawa da ruwa a yi wa mutum allura idan miki ya ruɓe ko ƙirji ya kama. Haka likitoci suka san shi. Amma a Gadarif babban majinyacinsa ba mutum ba ne, madara ce. Masu madara suna tasowa daga bayan gari da garwa biyu a kan jaki, rana tana dukan garwar tun daga hanya, kafin su gama zaga unguwanni rabi ta tsinke. Wani mai dabara, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya gano cewa in aka barbaɗa garin nan a garwa, sai madara ta yini garau kamar yanzu aka tatso ta. Daga nan kowa ya ɗauka. Duk garin an sani, ba mai faɗa, kuma in ka tambayi mai madara sai ya rantse maka bai taɓa ko ganin kwalbar ba.

Ummuhani ce ke shan wahalar wannan dabara. Sana'ar kindirmo gadonta ce daga uwarta: a dafa madara, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan tsohon kindirmo, a rufe ta yi barci, gari ya waye ta kama. To, madarar da aka ba magani ba ta barci. Sai Ummuhani ta buɗe kwano da safe ta tarar da ita tsararo, ba tsami ba kauri, tana wani ƙyalli na rashin kunya. Shekara da shekaru tana wannan fama. Ta zagi masu madara, ta zagi jakunansu, ta zagi wanda ya ƙirƙiro kwalbar, har ya zama in maƙwabta suka ji muryarta ta tashi sun san an buɗe kwano ne, ba mutuwa aka yi ba.

Sai ga shekarar layi ta zo. Layin burodi, layin sukari, layin fetur, har akan ga mutum ya kama layi tukuna sannan ya tambayi abin da ake rabawa. Da aka fara raɗe-raɗin magani ma zai yanke, masu madara suka riga marasa lafiya zuwa kantin Mahmudu da ke bakin kasuwar hatsi, suka share bansilin kwali-kwali. Mahmudu, wanda kowa ke kira Daktor ko da yake sayar da magani ya karanta, ya ba su hankali kwance, don yana sa ran sabon kaya daga Bor Sudan. Kaya bai zo ba. Kafin damina ta ɗauke, abin da masu madara suka ɓoye shi ma ya ƙare, madara ta koma halinta na asali. Masu shayi suna ƙorafi, matan gida suna ƙorafi, ita kuwa Ummuhani kindirmonta ya riƙa kamawa har cokali yana tsayawa a ciki. Ta yi 'yar ƙiba, ta daina zagi, har aka fara ganinta tana gaida masu madara tana tambayar lafiyar jakuna.

Ana cikin haka wata babbar mota ta sauke mijinta Jatau daga Simsim, ba lokacin dawowarsa ba, da hannun dama a naɗe cikin tsumma. Jatau mai yankan riɗi ne, duk kaka yana bin manyan gonakin can tare da sauran 'yan ƙodago. Lauje ne ya zame ya tsaga masa tafin hannu. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube ƙasa, don haka Jatau ya cusa toka a ciwon, ya ɗaure, ya ci gaba da yanka har sai da hannun ya ƙi kama lauje. Da Ummuhani ta kwance tsumman sai da ta kau da kai. Hannun ya kumbura suntum, yatsu sun rarrabu kamar masu gaba da juna, ga wari.

A asibiti likita ya matse ciwon, ya wanke, ya ce allurar bansilin ake bukata safe da yamma, kuma su ba su da ko kwalba ɗaya, su je su nemo a yi masa. Sannan ya ɗora yatsa a wuyan hannun Jatau, ya ce in baƙin da ya fara a tafin ya iso nan, to zancen allura ya ƙare, sai dai a cire hannun don a tsira da mai shi.

Suka fito daga asibitin. A shekarar ne aka fara yanke wa ɓarayi hannu a Hartum, rediyo yana faɗin sunayensu, kuma hannun dama ake yankewa, daga daidai inda likita ya ɗora yatsa. Jatau ya tsaya a inuwar wata darbejiya, ya ce da matarsa:

"Ummuhani, ba aikin ne ke damuna ba, da hagu ma mutum ya koyi wani abu. Amma in na shiga kasuwa da dungu, wa zai tsaya ya tambaye ni lauje ne ko alƙali?"

Ta ce masa ya bar wannan magana, amma ta san gaskiya ya faɗa. Mutum ne da ko zangarniyar dawa bai taɓa tsinka a gonar wani ba, kuma ban da wannan suna ba shi da komai a duniya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Kantin Mahmudu a lokacin ya zama kamar gidan da aka tashi. Kantoci ne na katako masu ƙofar gilashi tun daga ƙasa har rufi, ba komai a ciki sai hodar jarirai da shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. Shi kuwa bai fasa zuwa ba. Kullum sai ya buɗe, ya sa farar riga, ya goge kantocin tsaf, ya zauna yana gaya wa jama'a babu. Da bakinsa ya gaji sai ya koyi faɗin babu da gira. Wanda ya matsa masa sai ya shafa masa shuɗi kyauta, ko ina ne ke ciwo, shi ya sa a wannan kaka rabin Gadarif ke yawo da shuɗin kunne da shuɗin wuya, har wani dattijo mai tari an gan shi a masallaci da shuɗin ƙirji. Da Ummuhani ta zo, Mahmudu bai yi mata da gira ba, don ya san Jatau. Ya buɗe baki ya ce mata babu, ya kuma ba ta haƙuri.

Ta bi sauran kantunan magani ƙafa da ƙafa, ta dawo hannu biyu. Ta tare masu madarar da ta gamu da su tana roƙo, kowanne ya rantse bai san abin da take nufi ba, kuma ko da ya sani ya ƙare. Maƙwabta suka yi abin da suka iya. Jummare, wadda zana ɗaya ce ta raba gidajensu, ta kawo kafso guda ja da baƙi da ta ajiye tun haihuwar autarta, ya narke ya manne a gefen zane. Wani ya kawo na kaji. Mahmudu ya juya su a hannu, ya ce a mayar wa masu su da godiya. Baƙin kuwa yana ta hawa a hankali, Jatau yana kwance a gadon igiya, zazzaɓi yana kaɗa shi, ba abin da yake kallo sai wuyan hannunsa.

Rannan da safe Ummuhani ta buɗe babban kwanon kindirmo, don ko da majinyaci a gida dole a yi sana'a, sai ta tarar da madara tsararo, tana ƙyalli. Bakinta ya riga hankalinta. Ta fara daga masu madara, ta gangara kan jakuna, tana gab da isa kan wanda ya ƙirƙiro kwalbar sai ta yi tsit. Ta sa yatsa ta ɗanɗana. Ba tsami ko kaɗan. Ta zauna a ƙasa daɓas. Abin da ta tsana duk rayuwarta ya dawo, kuma ba ta taɓa murnar ganin wani baƙo kamar yadda ta yi murnar ganinsa ba. Wani a garin nan yana da bansilin.

Matsalar ita ce ba wurin mutum ɗaya take saye ba. Duk mai madarar da ya gitta ƙofarta takan karɓi kaɗan, ta haɗa a tukunya ɗaya. Ta yafa mayafi ta nufi kantin Mahmudu da kwanon a ka, ta gaya masa abin da ta gano. Ya ɗan jima yana kallon madarar kafin maganar ta shige shi, da ta shige kuwa ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. Ya ce a raba su, kowane mai madara da kwanonsa, a ga wadda za ta ƙi barci. Kuma ba a gidanta ba, inda kaji da idon maƙwabta ba za su bar kwano ya huta ba. Ga kantoci nan masu gilashi, ƙuda ba ya shiga, ba abin da suke yi.

Haka aka yi. Ta tsaya a bakin hanya ta sayi kaɗan-kaɗan wurin duk wanda ya wuce, ta dafa kowace daban, ta kwaso duk wani kwano da langa da ƙwarya da ta mallaka, har da na aro. Ita ta san wanne ne na wa. Kafin la'asar kantin maganin ya cika a karon farko tun damina. Mahmudu ya jera kwanonin da kansa, ya rufe gilashi, ya ja baya yana kallo, kuma duk da halin da ake ciki sai da fuskarsa ta saki. Masu wucewa suka ga kantoci a cike, labari ya bazu cewa kaya ya iso, aka kafa layi. Ya fito ya ce musu madara ce. Ba wanda ya bar layin, don a shekarar mutane sun saba a ce musu babu alhali akwai.

Washegari aka buɗe. Duk kwanonin sun kama, sun yi kauri, sai langa guda mai tsagaggen baki da ke can gefe, tana nan tsararo. Masu layi suka saye kindirmon tas. Wani ya tambayi Daktor kafin cin abinci ake sha ko bayan an ci, wata kuma ta dawo da rana ta ce ciwon bayanta ya yi sauƙi. Ummuhani ba ta ji ko ɗaya ba. Langar take kallo, don ta san ta Nagoggo ce.

Da a ce wani ne da ta ji sauƙi. Masu madara da yawa 'yan duniya ne, ana iya daidaitawa da su. Nagoggo kuwa mutumin kirki ne, kuma ba abin da ya kai mutumin kirki wuyar sha'ani in ya kafe. Dogo ne siriri mai sanyin murya, ba ya zuba wa madararsa ruwa, ba ya dukan jakinsa, in ya ga tururuwa a hanya sai ya kauce mata. Ita da Mahmudu suka same shi a gidansa da ke bakin rafi a ƙarshen gari, yana wanke garwa. Ya yi musu shimfiɗa, ya kawo ruwa, ya tambayi jikin Jatau har idonsa ya kawo ƙwalla. Da suka faɗi abin da ya kawo su bai yi musu ba. Ya shiga ɗaki ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Kwalabe ne a jere, fiye da rabin kwalin, murafunsu suna sheƙi. Shi ɗan kaɗan yake barbaɗawa, shi ya sa nasa ya kai yanzu.

Ummuhani ta miƙa hannu. Nagoggo ya mayar da murfin kwalin a hankali.

"Hajja, ki yi mini rai. Wannan maganin madara ne, ba na mutane ba."

Mahmudu ya yi dariya, ya ce ai shi ne dai, na mutanen ne masu madara suka ara. Nagoggo ya girgiza kai. Ya ce shi tun yana saurayi yake zuwa kantin, in ya ce a ba shi maganin madara sai a miƙo masa wannan, kuma Daktor da hannunsa yake miƙowa, bai taɓa ce masa ga wani amfaninsa ba. Yau kuma da rana tsaka a ce a ɗura wa Musulmi shi a jijiya? Ya ce su duba aikin maganin mana. Abin da yake yi shi ne ya tsayar da madara inda take, ba ta gaba ba ta baya. In aka sa wa mutum, ciwon zai tsaya ne yadda yake har abada, ba ya warkewa ba ya ƙaruwa, wataƙila ma jinin ya tsaya, abinci ya ƙi narkewa. In Jatau ya mutu, wa za a tambaya gobe kiyama, Daktor ko mai kwalin?

Mahmudu ya yi bayani da Hausa, ya koma Larabci, ya karanta masa rubutun jikin kwalba. Nagoggo ya ce rubutun Nasara ne, Daktor yana iya karanta duk abin da ya ga dama. Aka yi masa zancen saye, ya ɓata rai, ya ce shi ba ya cinikin ran mutum. Mahmudu ya hasala ya ce zai kai ƙara wurin hukuma. Nagoggo ya ce to, in sun zo zai ba su kwalin, kuma in sun tambayi inda ya samu ba zai yi ƙarya ba. Daga nan Mahmudu ya koma kallon garwa.

Ummuhani ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa mai madara ba. Ta ce ya ba ta kwalba kaɗan kawai, alhakin a wuyanta. Hankalin Nagoggo ya tashi, ya roƙe ta ta miƙe. Ya ce ta ba shi zuwa gobe ya yi istihara, duk abin da Allah ya nuna masa zai yi, su dawo da hantsi. Ya tashi ya je ɗaure jakinsa da ya kwance, ya bar kwalin a kan tabarma, kusa da gwiwarta.

Ta kalli kwalin. Hannu ɗaya za ta zura ta cika ƙullin mayafi, kuma Mahmudu ya riga ya juya fuska yana nazarin katanga. Amma sai maganar Jatau a gindin darbejiya ta faɗo mata. Ta zo ne don kada a kira shi ɓarawo, ga shi za ta koma masa da kayan sata a mayafi, a shekarar da ake yanke hannu. Ta naɗe hannuwanta a cinya har Nagoggo ya dawo. Gobe ai ba nisa, in ji ta a ranta.

Da ta koma gida ta gaya wa Jatau an samu, sai gobe. Murna ta sa ba ta rage murya ba, zana kuwa ba ta tare magana. Jummare ba muguwa ba ce, mutum ɗaya kawai ta gaya wa, shi ma bisa amana. Kafin magariba zancen ya zaga gari ya dawo da sabuwar riga: wai madarar Nagoggo magani ce, Daktor da kansa ya gwada ta a kanti cikin gilashi, duk sauran suka faɗi ita kaɗai ta ci.

Da hantsi, tun daga nesa Ummuhani da Mahmudu suka hango taron. Bakin rafi ya cika da mutane, masu kwano, masu buta, masu shuɗin kunne da masu shuɗin wuya, har da dattijon nan mai shuɗin ƙirji an kawo shi a amalanke. Suka kutsa da kyar. Nagoggo yana tsakar gida yana awo, fuskarsa fes kamar ta ango. A gefensa kan tabarma ga kwalabe a tule, kowace baki buɗe, murafun roba a warwatse.

Da ya gan su ya taso da sauri. Ya ce Allah ya warware masa. Ya kwana yana tunani, sai ya ga ai shekara da shekaru mutanen Gadarif suna shan maganin nan a cikin madara, ba wanda ya taɓa mutuwa. Ashe ke nan shi kaɗai ne yake da haɗari, in ya bi ta cikin madara sai ya zama halal ga ɗan Adam. Da ya fito sallar asuba ya tarar da bayin Allah sun cika ƙofa, sai ya san ishara ce. Ya juye kwalin gaba ɗaya, kowa ya samu. Ya shiga ɗaki ya fito da wata ƙaramar garwa a rungume, ya ajiye a gaban Ummuhani.

"Ta Jatau daban na yi masa, Hajja. Rabin kwalaben a nan na zuba. Kyauta ce, kada ki ce komai."

Ta kalli garwar, ta kalli tulin kwalaben. Mahmudu ya tsuguna a kan tabarmar da farar rigarsa, yana ɗaga kwalaben ɗaya-ɗaya yana haska su a rana, yana ƙwanƙwasa gindinsu a tafin hannu. Nagoggo mutum ne mai tsafta a aiki, kowace sai da ya ɗauraye ta da madara ya juye. Ummuhani ta tambayi Mahmudu ko za a iya tacewa da ƙyalle a fitar da garin. Ya ce a'a. Ko a dafa madarar ta ƙone, maganin ya rage a gindin tukunya? Ya ce a'a. Ko a ja madarar a allura? Ya ce wannan kisan kai ne. In ya sha fa? Mahmudu ya ce ya sha in yana so, madara ce mai kyau, amma irin wannan ba a yi shi don ciki ba, abin da zai kai hannun bai taka kara ya karya ba. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Ta ɗauki garwar a ka ta koma gida, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Jatau ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce a ba shi ya sha, tunda don shi aka yi. Ya sha har cikinsa ya ɗaure, aka wanke ciwon da ita, Jummare ta shigo tana kuka ta ce a ƙara masa. Ragowar Ummuhani ta dafa, ta zuba mata tsohon kindirmo ta rufe, hannunta ne kawai ya yi abin da ya saba. Washegari baƙin ya iso inda likita ya ɗora yatsa, kafin la'asar aka cire hannun.

Tana zaune a barandar asibiti Nagoggo ya zo, ya rame a yini ɗaya. Ya tsaya nesa da ita, ya cire hula, ya ce shi da nufin alheri ya yi, ta faɗi duk abin da zai yi ya rage wannan nauyi. Baƙin ciki ya taso mata, da haushinsa, da haushin kanta da ta naɗe hannu a cinya.

"Me za ka yi? Mutumin nan ba hannun yake wa kuka ba, sunansa yake wa. Za ka bi gari gida-gida ne kana gaya musu ba ɓarawo ba ne?"

Nagoggo ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa ya tafi. Ita har ta manta ta faɗa.

Da safe tana tsakar gida tana haɗa abin da za ta kai asibiti, sai ta jiyo tafiyar jaki da ƙarar garwa, da sanyayyar muryar nan da ba ta taɓa ɗagawa haka ba.

"Madara! Madara! Jatau ba ɓarawo ba ne!"

Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci don kada wani ya ce bai ji ba, ya yi gaba zuwa lungu na gaba yana ta faɗa. Ummuhani ta ji ƙofofi suna buɗewa. Ta ji wata baƙuwar murya tana tambaya wane ne Jatau, wata ta ce mijin mai kindirmo, ta farkon ta ce to me aka ce ya sata, kuma na wa. Ta tashi za ta bi shi ta tsayar da shi, sai ta ga ya riga ya sha kwana, kuma ta san irinsa, tunda ya ɗauka alkawari ne, ba mai sauke masa. Ta dawo ta buɗe kwanon da ta rufe shekaranjiya. Madarar tana nan tsararo, fara sol, ko alamar tsami babu. Wannan karon ba ta zagi kowa ba, ta ɗauki kwanon ta nufi asibiti.

Ta tarar da Jatau a zaune an jingina shi da matashi, dungun a naɗe da farin bandeji a kan cinyarsa. Tana tunanin yadda za ta ɓoye masa zancen shelar, sai ya ce mata ba sai ta wahala ba, Nagoggo ya bi ta bayan katangar asibitin, har sau biyu, kuma na gadon kusa da shi ya riga ya mayar da takalmansa ƙarƙashin matashi. Ya tambayi abin da ta kawo. Ta ce kindirmo ta so kawo masa, ya ƙi kamawa.

Ya karɓi kwanon da hagu, ya tallafe shi da dungun, ya sunsuna, ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon cikin kwanon.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ita dai ta samu allurarta."

Kwanon ya fara karkata, don hagun bai saba ba. Ummuhani ta matso ta riƙe masa gefe ɗaya har ya shanye.